Birkin Hagu

Maigandi ya wayi gari ransa a ɓace, kuma da dalilinsa. Sati uku babur ɗinsa na jingine a zaure, babu fetur a duk Potiskum sai na 'yan bumburutu, shi ma rabinsa kananzir. Ana cikin haka sai ga Nagoggo mai tallan nono a ƙofar gidansa a unguwar Bolewa. Ta ce ƙaninsa Idrisu ne ya aiko ta daga ruga. Jar saniyar nan mai ciki ta faɗa gonar da aka girbe, ta ci gyauron dawa, cikinta ya kumbura kamar ganga. A kawo magani kafin azahar, in ba haka ba sai wuƙa.

Saniyar nan ba irin na kasuwa ba ce. Daga tsatson wadda uwarsa ta ba shi take, ita kaɗai ta rage.

Ya sayi kwalbar magani ya jefa a aljihu, ya nufi unguwar Hausari wurin Bunu mai sayar da kekunan Kwatano. Bunu Babarbare ne, shi kuwa Bafulatani, shekara ashirin ba su taɓa yin maganar kirki ba sai tsokana.

"Bawana, yau da ƙafa? Ina shanun da za su goya ka?"

"Rufe min baki. Ba ni keken da zai shiga daji."

Bunu ya jawo wani ja mai ƙatuwar taya da giya barkatai, ya ce wannan don duwatsu da rairayi aka ƙera shi. Ya nuna masa inda ake taɓawa a hau tudu ba nishi. Sannan ya riƙe kan keken.

"Saurara. Wannan ba keken Rali ba ne. Birkin hagu na gaba ne, na dama na baya. A gangare kar ka damƙi hagu."

Maigandi ya harare shi. Shekara talatin yana hawan Rali kafin ya yi babur, hagu baya ne tun da aka halicci keke. Wannan Bunun ne ya taɓa ce masa ana zuba gishiri a tankin babur, ya kuma kusa yarda.

"So kake in faɗi ka samu na ba da labari a majalisa ko? Ɗan bawa kawai."

"Wallahi Maigandi, ba wasa nake ba."

"Ran gishiri ma wallahin ka ce."

Ya tattare riga ya cusa a wando, ya hau.

Bayan unguwar Yindiski ya bar hanyar mota ya kama burtali. Abin haushi, keken ya yi yadda Bunu ya faɗa. Rairayin da Rali ke nutsewa a ciki, wannan ratsa shi yake. Amma sirdin siriri ne kamar bakin fartanya, saiwoyi na jijjiga masa haƙora, rassan sabara na bulalarsa a fuska. Sau biyu ya taɓa giya ba daidai ba, ƙafafunsa suka yi ta juyawa a banza kamar mai daka iska. Ya zagi keken, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya zagi masu ɓoye fetur, ya zagi Idrisu da ya bar saniya ta shiga gona yana can yana hira.

Daga kan tudu ya hango rugar, tsakaninsu kwazazzabo ɗaya. Keken ya kwasa a guje. Hannunsa bai yi shawara da shi ba, ya damƙe hagu da ƙarfinsa duka.

Tayar gaba ta kafe. Maigandi ya tashi sama ta kan keken, ya sauka a kan hannun dama cikin tsakuwa. Da ya yunƙura sai ya ji cinyarsa a jiƙe. Ya ɗauka jini ne. Magani ne, kwalbar ta tarwatse a aljihu.

Da ƙafa ya ƙarasa, yana ɗingishi, ya bar keken a ramin. Saniyar na kwance gindin aduwa, harshe waje, ido ya juye. Idrisu na tsugune a kanta.

"Hamma, ina maganin?" ya tambayi wan nasa.

Maigandi ya cire rigar ya matsa aljihun a bakinta. Ɗigo uku, da ɓarɓashin kwalba.

"Hamma, za ta yi mushe."

"Na ga! Makaho ka ɗauke ni?"

Ya karɓi wuƙa a hannun Idrisu, don ba ya son wani ya yanka saniyar. Yatsun suka ƙi rufuwa, wuyan hannun ya riga ya kumbura, wuƙar ta faɗi ƙasa. Ya sake ɗauka, ta sake faɗi.

"Ɗauki," ya ce wa Idrisu. "Juya ta gabas. Yi sauri mana, me kake kallo a fuskata?"

Shi ya danne mata kai da gwiwa, Idrisu ya yi bisimilla.