Kwat ɗin Shagon Kawu

Shagon hoton Kawu yana ƙarshen layin teloli, jikin shagon mai gyaran agogo. A can na yi rabin ƙuruciyata. Har yau idan na shaƙi warin maganin wanke hoto, abin da nake fara tunawa shi ne labulen nan mai zanen jirgin sama da ke rataye a bango, da dogon bencin da mutane ke zama suna jiran layi, kowa na gyara wuyan riga a gaban wani madubi mai tsaga. A wancan lokacin ba ka wucewa ta ƙofar sai ka ji muryar Kawu daga ciki: "Ɗaga haɓa. Ba haka ba, ai ba faɗa za ka yi da ni ba. Yauwa. Kada ka motsa."

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, sai bencin ya koma wurin kwanciyar kyanwa. Daga baya mai ginin ya nemi shagonsa, gwiwoyin Kawu kuma suka fara ba shi wahala. Babbar 'yarsa, wadda muke kira Yaya, ma'aikaciyar jinya ce, ta gyara masa ɗaki a gidanta. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kwalayen ba za su shiga gidan ba.

Kwalayen nan cike suke da hotunan da aka ɗauka ba a dawo an karɓa ba, da waɗanda Kawu ya wanke na biyu ya ajiye. Tsawon aikinsa gaba ɗaya yana cikinsu.

"Baba, takardu ne da ƙura da kyankyasai," in ji Yaya. "Ɗakin ajiyata ko tsintsiya ba ya ɗauka. Duk wanda ke son hotonsa ya zo ya ɗauka kafin ranar tashi. Abin da ya rage, masu kwashe shara su yi gaba da shi."

Abin da ban sani ba shi ne, Kawu ya daɗe da buɗe shafi a intanet da hannunsa, yana ɗora hotunan da wata tsohuwar sikana, na'urar da ke kwafar hoto zuwa kwamfuta, da fatan masu su za su gani su zo. Ba wanda ya zo. Don haka wata rana da hantsi ya aiko a kira ni daga shagon buga takardun da nake aiki.

"Injiniya," ya ce, domin haka yake kirana tun ranar da na karɓo diflomata ta kwamfuta, "zo ka duba min abin nan. Ko dai intanet ɗin ce ba ta san na buɗe ba?"

Na zauna na buɗe shafin, na jira. Na ci gaba da jira. Hoton farko ya fara saukowa daga sama, goshi ya bayyana, sannan gira, daga nan ya tsaya cik. Kawu yana ɗora kowane hoto da cikakken nauyinsa, yadda waya ba za ta iya buɗe shi ba sai ta cinye datar mutum. Fuskar shafin baƙa ce wuluk, rubutun kuma ƙanana ne masu ruwan toka. Taken da ya ba wa hotunan su ne: "Hoto", "Wani hoto", "Hasken taga". Babu ko jimla guda a ƙarƙashinsu. Yakan zuba tuli a rana ɗaya, sannan ya yi watanni bai waiwayi wurin ba. Wurin da masu karatu ke barin sharhi kuwa a rufe yake.

Na ga kurakuran duka, amma bakina ya yi nauyi. Mutumin da ya koya min riƙe cokali ba a ce masa ya yi kuskure haka kai tsaye. Na ce zan je in yi nazari. Na zagaya layin teloli ina shirya kalamai a raina, na dawo da su a jere, amma da na haɗa ido da shi sai suka watse.

"Kawu, shafin yana da kyau ƙwarai," na ce. "Sai dai akwai wasu 'yan abubuwa, ba masu yawa ba, waɗanda idan ba damuwa..."

Mai Agogo, wanda ya jingina da ƙofa da gilashinsa a goshi, ya yi dariya. "Yaro, faɗi kawai. Ka ce masa shafin ya mutu. Ni agogon da ya tsaya ba na ce wa mai shi yana hutawa ne."

"Kai da agogunan shagonka kowanne da lokacinsa," in ji Kawu, "kai ne za ka yi magana?"

Wannan ya ba ni ƙarfin gwiwa. Na fara da nauyin hotunan. Kawu ya ce duk wanda ya rage wa hoto nauyi ya cuce shi. Na rage guda a gabansa, na miƙa masa waya, ya kanne ido ya daɗe yana neman inda na cuce shi, bai samu ba, ya ce to a bar wannan. Da na zo kan baƙar fuskar shafin, ya ce a duhu ake wanke hoto. Na ce gaskiya ne, amma a haske ake kallonsa. Ya ɗaga kafaɗa, na ɗauka ya yarda.

A kan take muka daɗe. Na bayyana masa cewa ba wanda zai shiga intanet ya rubuta "wani hoto" yana neman mahaifinsa. Mutum yana neman abin da yake tunawa ne, kamar tsohon shago ko labule mai jirgi. Ya ce hoto mai kyau ba ya bukatar surutu, kuma shi ba zai rubuta sunan kowa ba, domin amana aka ba shi. Na yi masa alkawari ba za mu sa suna ko ɗaya ba.

"To wurin sharhin fa, Kawu?"

Ya juya yana goge ruwan kyamara da gefen rigarsa. "Na taɓa buɗewa. Wani ya rubuta wai in kai kayana gidan tarihi, ni ma in zauna a can. Har da alamar dariya."

"Mutum ɗaya ne, Kawu. Idan ƙofa a rufe take, mai zagi ba zai shigo ba, amma mai neman hotonsa ma ba zai shigo ba."

Ya ci gaba da goge kyamararsa. Washegari ya ce in buɗe.

Ina cikin rage wa hotunan nauyi ne na lura da wani abu. Samarin da ke cikinsu, dogo da gajere, siriri da mai jiki, duk kwat iri ɗaya suke sanye da ita. A wani ta yi ɗamas, a wani hannunta ya rufe yatsunsa. Na tambayi Kawu.

Ya kwashe da dariya har da tari. Ya shiga ɗakin wanke hoto ya fito da ita a hannu, ruwan ƙasa, ta koɗe a kafaɗa. Ashe kwat ɗin shago ce. Duk wanda zai nemi aiki, ko zai aika hoto gida don a san ya zama mutum a birni, ita yake ara. Kawu ya zauna ya shiga ba da labari: wani direba da ya nemi a bar masa ita ya kwana da ita, wani ɗalibi da ya bar takardar soyayya a aljihunta, na bayansa ya karanta wa duk masu jiran layi, Mai Agogo kansa, da ya sa ta maɓallin ya tsinke ya bugi madubi.

"Ƙarya ne, madubin da tsagarsa na same shi!" in ji Mai Agogo daga shagonsa.

Sai na gane cewa abin da shafin ya rasa yana bakin Kawu. Na nemi izininsa na kunna wayata ina naɗar maganarsa. Na rubuta ta yadda ya faɗa, na raba ta gajerun sakin layi, na karanta masa ya gyara inda na sa masa kalmomin makaranta. Muka sa take: "Ko mahaifinka ya taɓa sa wannan kwat ɗin?" Muka kuma yanke cewa kowane mako, rana ɗaya sananniya, za mu ɗora labari guda da hotuna kaɗan.

Na tura wa Yaya adireshin. Ta kira ni daga wurin aiki.

"Wannan shafin da ba ya buɗewa? Na gwada tun tuni, ya cinye min data na bar shi."

"Yanzu yana buɗewa, Yaya."

"To, in na samu sarari. Ka dai tuna masa ranar tashi."

Mutane suka fara zuwa, amma a hankali. Wani ya rubuta cewa ya ga kawunsa, kuma duk danginsu sun ɗauka kwat ɗinsa ce. Kawu ya sa na amsa masa da cewa ya gaishe da kawun, ya ce masa har yanzu ana jiran ya dawo da biron da ya tafi da shi. Wata dattijuwa ta zo har shago da jikarta, ta karɓi hoton mijinta, ta zauna a bencin ta daɗe tana kallonsa. Kowace safiya Kawu yakan tare ni da tambaya: "Wa ya yi magana?" Yana amsa wa kowa, har masu tambayar ko yana sayar da kyamarar.

Amma kwalayen ba su ragu ba yadda ido zai gani. Na san shafi ba ya girma a 'yan makonni, na kuma san ban taɓa yi masa alkawarin hakan ba, duk da haka kullum na shiga shagon sai na tsaya ina ƙirga su. Ranar da na tarar da shi yana ɗaure kwalayen da igiya yana jera su kusa da ƙofa, sai na durƙusa na kama masa ɗaurin.

"Ka yi iya ƙoƙarinka, Injiniya," ya ce. "Da tun farko haka na yi shi, da wataƙila. Zo mu ɗora labari na ƙarshe."

Kafin mu fara, na yi masa tambayar da ta daɗe a raina: me ya sa duk masu sanye da kwat ɗin gefe guda suke fuskanta?

Ya ɗauko kwat ɗin ya juya hannun hagu. A gwiwar hannun akwai faci na shuɗin yadi, an yi masa ɗinki ƙanana a jere.

"Aikin Ummanku ne, Allah ya jiƙanta," ya ce. "Ragowar yadin rigar makarantar Yayarku ta farko. Na ce mata launin bai dace ba, ta ce ai hoton baƙi da fari ne. Amma yana fitowa. Shi ya sa kowa nake juya shi gefe guda don facin ya ɓuya. Mutane sun ɗauka salo ne."

Ya kwance wani kwali, ya laluba, ya zaro hoto guda. Yaya ce tana yarinya ƙarama a gaban labulen jirgi, kwat ɗin ta sauko mata har ƙasa, tana dariya da giɓi a baki. Facin ya fito sarai. Daga gefen hoton, wani hannu mai siririn awarwaro yana riƙe da hannun kwat ɗin don kada ta taka shi ta faɗi. Fuskar mai hannun ba ta shiga ba.

"Ba ta son a ɗauke ta," in ji Kawu. "Matar mai hoto, amma abin da na samu ke nan."

Muka ɗora shi da labarin facin, ba suna. Ban sake tura wa Yaya komai ba, domin na ji nauyin in dame ta.

Ranar tashi, Yaya ta zo da safe da motar kwasar kaya, tana sanye da kayan aiki. Ta gaishe da Kawu, ta dubi kwalayen da ke bakin ƙofa, ta dubi bencin. Idanunta sun ɗan kumbura.

"Baba, hoton nan da kuka sa. A wane kwali yake?"

Na buɗe baki zan ce yana cikin sikana, domin na tabbata ban cire shi ba. Sai na ji ƙafar Kawu a kan tawa, da nauyin da ban zaci mai ciwon gwiwa yana da shi ba.

"Wallahi tsufa," ya ce yana sosa kai. "Na mayar da shi, amma ko wanne ne? Sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Aikin watanni ne."

Yaya ta dube shi, ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon igiyar takalmina.

"Direba," ta ce, "fara da kwalayen. A hankali, kada ka jefa."

"Ina ɗakin ajiyar da ko tsintsiya ba ya ɗauka?" in ji Mai Agogo.

"Baba Mai Agogo, in kana da sarari a shagonka sai in sauke maka su."

Mai Agogo ya koma cikin shagonsa. Aka kwashe kwalayen, aka naɗe labulen jirgi, Kawu ya rataya kwat ɗin a kafaɗa ya fita yana nuna wa direba inda zai sa bencin. Ni da Yaya muka rage muna tattara wayoyin kwamfuta. Ta ja sikanar za ta ɗauka, murfin ya ɗaga. Hoton yana kwance a kan gilashin.

Ta tsaya tana kallonsa. Ta leƙa waje, inda kwalayen suke jere a bayan mota an riga an ɗaure su. Sannan ta ɗauke shi ta gefe-gefe, yadda Kawu ya koya mana tun muna yara, ta sa a jakarta ta ja zif.

"Kai kuma Injiniya," ta ce ba tare da ta dube ni ba, "rubutun nan har yanzu ya yi ƙanana a waya. Ka ƙara masa girma kafin na mako mai zuwa."