Tayar Baya

Babur ɗin ya zame a kwanar gada, kafin Fermina ta sauke ƙafa har ya kwanta da ita a gefen titi. Da farko ba ta ji zafin komai ba, don sanyin watan Yuni, tsakiyar hunturun ƙasarsu, ya riga ya kashe mata jiki. Abin da idonta ya fara kamawa shi ne cukunta, fari tas, ya ɓalle daga akwatin baya yana gangarawa cikin ciyawar da raɓa ta daskare a kanta.

Ta tashi ta karkaɗe siket, ta ɗauki hularta ta mayar a ka. Ta duba gabas ta duba yamma, babu kowa sai iska da wasu tumaki can nesa. Wata motar haya ta zo a guje, cike da matan da za su kasuwar Batallas, direban ya danna mata ham ya wuce abinsa. Ta bi cukun ɗaya bayan ɗaya tana tsincewa, tana goge ƙasa da bakin mayafinta. Biyu sun fashe. Gwiwarta ta dama ta soma zugi.

Da ta ɗaga babur ɗin sai ta ga tayar baya ta kwanta sharaf. Ta tsaya tana kallonta. Tun da mijinta Anselmo ya rasu bara, ita ke tatsar shanu, ita ke haɗa cuku, ita ke hawa babur ta kai kasuwa ranar Asabar. Ta koyi sa giya, ta koyi taka burki a gangare, amma taya ba ta taɓa shiga tunaninta ba.

Haka ta tura shi tana ɗingishi har bakin gari, inda Casiano mai faci ke da rumfar kwano. Shi ya riƙe ɗanta Wilfredo ranar baftisma, saboda haka kompadre take ce masa, shi kuma komadre. Ta same shi tsugune gaban wata 'yar wuta da ya hura a gwangwani, kumatunsa ya kumbura da ganyen koka da mutanen yankin ke taunawa.

"A'a, komadre! Yau kuma babur ne ya hau ki?"

"Bar ni da abin da ya dame ni, kompadre. Ƙusa na taka."

"Ke da ƙusa wa ya taka wani?" Ya miƙe yana dariya, amma da ya ga jini a safarta sai dariyar ta tsaya. Ya jawo mata benci kusa da wutar, ya ƙwala wa mai abincin da ke maƙwabtaka da shi kira ta kawo kofin api, kunun masararsu, mai zafi. Fermina ta rungume kofin da hannu biyu, tururin masara da kirfa yana dukan fuskarta.

Casiano ya kwance tayar, ya zare tub, ya hura shi ya tsoma a rabin durom na ruwa bayan ya fasa ƙanƙarar da ke sama. Kumfa ta taso ta wajen bawul. Ya juya tayar a hannunsa, ya shafa cikinta da yatsu, ya girgiza kai.

"Babu wata ƙusa. Zo ki gani."

Ta matso. Ya nuna mata tsakiyar tayar, zanenta na nan da sauransa. Sannan ya nuna gefe da gefe, duk sun suɗe kamar bayan cokali, ga ƙananan tsaga a jikin robar.

"Ni na sa wa Anselmo wannan tayar da hannuna, gab da ya kwanta ciwo. Da ta samu kula, da tana da sauran shekara. Yaushe rabonki da ki ba ta iska?"

"Iska? Ai ba ta taɓa sacewa ba sai yau."

"Ba sai ta sace ba. Sanyin nan namu yana tsuke iskar da ke ciki, kamar yadda yake tsuke mu. Ki kwana da taya cike, ki tashi ta yi laushi, ido ba zai gane ba. Ki ɗora mata cuku, ki ɗora kanki, ke kuma ba ƙaramar mace ba..."

"Kompadre, ka kiyaye ni."

"Na kiyaye. To tana tafiya tana lanƙwasa, gefenta na cin titi, tub na goguwa a ciki har ya yage. Ga roba in ta sha sanyi tauri take yi, ba ta kama kwalta sai ta ɗan yi tafiya ta ɗumama. Ke kuma kin shiga kwana kamar mai tsere."

Fermina ta kurɓi api. "To me ya sa ba ta taɓa yi wa Anselmo haka ba? Shi ma bai san komai ba sai surutu."

Casiano ya dube ta da mamaki. "Anselmo? Mutumin da kullum da safe sai ya gwada iskar tayoyinsa kafin ya taɓa makulli? Ni na sayar masa da famfo da gejin awon iska. Ya ce mini, 'Casiano, matata nake ɗauka a baya, ba buhun dankali ba.' Na ce masa ai buhun dankali ya fi ta sauƙin kai."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ita ba ta yi ba.

Ta san wannan famfon. Ta san ƙararsa a rumfar bayan ɗaki da sassafe, fuf, fuf, fuf, daidai lokacin da take tsugune ƙarƙashin saniya yatsunta na ƙagewa. Shekara da shekaru tana ɗaga murya tana ce masa ya bar lallashin babur kamar amarya ya zo ya kama mata bokiti. Shi kuwa sai ya ce yana zuwa, bai taɓa gaya mata abin da yake yi ba, ita ma ba ta taɓa leƙawa ba. Bayan an binne shi ta tattara famfon da sauran ƙarafunansa ta cusa a buhu, ta rataye can sama don kada idonta ya riƙa faɗawa kansu.

Ta ajiye kofin a ƙasa, ta daɗe tana gyara ɗaurin mayafin da bai kwance ba.

Casiano ya tofar da ganye, ya rage murya. "Wilfredo ya kira ni shekaranjiya daga São Paulo, can ƙasar wajen da yake aiki."

"Kai ma?"

"Ya ce ba kya ɗaukar wayarsa in kin san maganar da zai yi. Ya ce in nemo mai sayen babur, shanun kuma a ba ƙanwarki. Ya ce ki koma wurinsu, akwai ɗaki a gidan da suke aikin ɗinki, ga jikokinki ba su san fuskarki ba sai a waya. Kuma can babu wannan sanyin, komadre. Ni dai saƙo aka ba ni."

"Ɗakin da ba shi da taga. Na gan shi a wayar."

"Ke kuma gidanki taga har huɗu, wa kike gani ta cikinsu?"

Maganar ta same ta inda ba ta zata ba. A ƙauyen yanzu gidaje uku ne kawai ake hura wuta, sauran duk kwaɗo ne a ƙofa. Wani lokaci sai ta wuni ba ta buɗe baki ba, in ta zo yin magana muryar ta fito a dishe.

"Akwai wani malamin makaranta da ke neman babur," in ji Casiano. "In sayarwa za ki yi, sai in yi wa tub ɗin faci kawai, ya ishe ki zuwa gida a hankali. Ba sai kin sayi taya don wani ya more ba. In kuma..." Ya bar maganar a nan, ya nuna sababbin tayoyin da ke rataye a jikin kwano.

Mata na ta wucewa da ƙunshin kaya a baya, kasuwa ta fara cika. Fermina ta dubi babur ɗin da ke tsaye da ƙafa ɗaya, fentin tankinsa ya koɗe daidai inda gwiwoyin Anselmo suka saba gogawa.

"Sa sabuwa," ta ce.

"Komadre, yau Allah ne ya tsare. Da mota na bayanki fa?"

"Na ji. Sa sabuwa, ka nuna mini yadda ake karanta gejin nan."

"Me zan ce wa yaron?"

"Ka ce masa zan zo Kirsimeti in ga yara. Sauran ni zan gaya masa da bakina."

Ya yi ajiyar zuciya ya ciro taya. Da ya gama ɗaurawa, ya sa ta tsuguna da gwiwarta mai ciwo, ta danna gejin a bawul da kanta. Iska ta yi tsit ta tsere, ta zabura. Ya ce ta sake. Ta sake har allurar ta tsaya cak, ya ɗora farce a kan lambar da ya kamata.

"Da safe za ki gwada, kafin ki hau. In kin yi tafiya taya ta ɗumama, ƙarya za ta yi miki. Kada kuma ki cika ta ta yi tauri kamar dutse, sai ta cinye tsakiya. Ta gaban ma yunwa take ji, kawo in ƙara mata."

Ta isa kasuwa a makare, wata ta riga ta zauna a wurinta. Ta shimfiɗa kayanta a ƙarshen layi kusa da masu kifi, ta sayar da abin da ya sayu, fasassun cukun nan biyu ta aika wa Casiano.

Rana ta karkata lokacin da ta kama hanyar gida. Tana fita gari ta ji wani abu ya sauya. Kan babur ɗin ya yi sakayau a hannunta, ta ɗan karkata kawai sai ya bi kwana da kansa. Watanni ke nan tana kokawa da shi, kafaɗunta na ciwo duk ranar Asabar, ta ɗauka tsufa ne ya zo mata gaba ɗaya, ko kuwa haka komai ke yin nauyi in mutum ya rage shi kaɗai. Ashe iska ce. Dariya ta kufce mata a tsakiyar fili, ta ƙara wuta kaɗan, babban tafkin yankin na ƙyalli a hagunta, gezar mayafinta na kaɗawa.

Da dariyar a bakinta ta shiga tsakar gida ta kashe inji. Har ta juya wajen ƙofar ɗaki ta ja numfashi za ta ba da labari, sai ta tuna babu kowa a ciki.

Shanun suka ɗago kai daga bayan katanga suna kallonta, lokacin tatsa ya gota. Ta ɗan jima zaune a kan babur ɗin, injin na ƙas-ƙas yana hucewa. Sannan ta sauka ta ɗauki bokiti.

"To, ku matso," ta ce musu. "Ku ji abin da ya same ni yau."