Wanda Ya Daina Rawa

A wasan matasan Tsarnawa, Labo mawaƙin hip-hop ya hau dandali da sabuwar waƙarsa kan masu kai wa ɓarayin shanu labari. Sai ya hangi Yakuba a sahun gaba, mutumin da kowa ya san aikinsa ke nan amma ba mai iya faɗa. Labo ya juya wajen mai kiɗa.

"Mi za ni saka?" in ji Takama mai kiɗa. "Ta rawa, ko waccan taka mai jawo tsiya?"

"Saka kiɗan rawa."

Kiɗa ya tashi, Labo ya ɗora baitocin shanun a kai. Fili ya kaure da shewa, ba mai sauraren kalmomin. Yakuba kaɗai ya daina rawa. Ya tsura wa Labo ido, ya kara salula a kunne.