Zanen Gadon Inna

Ni fa ban so darasin nan na bidiyo ba. An zaɓe ni in tafi ƙasar waje ƙaro karatun jinya, na ce a ba wata, don Inna shekara huɗu ke nan tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Tun daga ranar da na ƙi tafiyar ba ta da magana sai, "Ni na tare miki hanya." Abin yana cin ta, ni ma yana cin raina. Da makarantarmu ta ce za a riƙa haɗa mu da ɗaliban can ta waya, na ce a raina wannan ai rarrashin yara ne.

Ranar Laraba malamarsu, wata tsohuwa mai tabarau, ta ce a nuna yadda ake juya majinyacin da ba ya motsi. Su na'ura gare su, mai ɗaga mutum cak. Da aka zo kaina, ina gida, kunya ta rufe ni. Gadonmu na katako ne.

Inna ta ce, "Nuna musu mana, 'yar nan. Me zan ɓoye?"

Na jingina waya a kan kujera. Na ninka zanen gado uku a ƙarƙashinta, daga kafaɗa zuwa cinya, na lanƙwasa mata ƙafa, na kafa gwiwata a bakin gado, na ja. Inna ta juyo sannu a hankali, ko nishi ba ta yi ba.

Malamar ta ce, "Ke kaɗai? Gyambon kwanciya fa?"

Na haska mata kafaɗar Inna da diddigenta. Fata sumul. Malamar ta cire tabarau. Sai ta ce in sake, a hankali.

Ina ninka zane, na ga ɗalibanta ashirin sun miƙe, sun ture na'urar gefe, sun kwantar da junansu, suna bin hannuna ninki bayan ninki. Wallahi dabarar hannuna ce ta yi tafiya. Daga ɗan ɗakinmu har bayan teku.

Inna ta leƙo. "Su wane ne waɗannan?"

"Waɗanda da zan je wurinsu ne, Inna."

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta kama hannuna da hannunta mai lafiyar.

"To ai ga shi sun zo."