Bindigar Labbo Tana da Ciki

"Yatsa ukku," Labbo ya ce, yana auna abin da ya rage na sandar ɗuri a bakin bindigar. "Kin gani, Inno? Tana da ciki."

Ni kunu na kawo masa, ban zo kallon bindiga ba. Labbo maƙwabcina ne a Kuberi, tsohon maharbi, ba mata ba ɗa, sai bindigar toka da yake tarairaya fiye da kansa. Duk Juma'a sai ya wanke ta da ruwan zafi kamar mai jego, ya shafe ta da man kaɗe. Da kakar shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ya ɗura mata albarushi da harsashi saboda gadu, aladen dajin da ke tone masa rogo, sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Irin wannan bindiga kuwa, abin da aka ɗura mata ba ya fita sai an harba.

"Maharbi ba shi mutuwa shi bar ta hakanga," ya ce. "In ɗiyan mutane sunka ɗauka hwa? Ni ko ɗaga ta ba ni iyawa. Aika ma Tamu can Andarai, shi kaɗai yar rage cikinmu maharba."

Mazan unguwa, masu cika baki a majalisa, kowa ya ce akwai asiri a jikinta, ba ruwansa. Na aika ranar kasuwar Maiyama. Amsa ta dawo cewa Tamu ya rasu tun da azumi. Wallahi na kasa faɗa masa. Kwana huɗu yana tambaya, ina cewa mota ce babu.

Rana ta biyar numfashinsa ya soma sarƙewa, tausayinsa ya hana ni zama. Da hantsi barci ya ɗauke shi, na naɗe bindigar a zane na zagaya bayan rumbuna. Na san mace ba ta taɓa kayan maharbi, amma ban fasa ba. Na ɗana kunamar yadda na sha ganin yana yi, na auna gindin kuka, na runtse ido, na harba. Ta hankaɗe ni na zauna daɓas, hayaki ya cika mini hanci.

Na tarar da shi ido biyu, yana murmushi.

"Tamu ya zaka! Na san harbinai, kullum da garaje. Mi ya hana shi shigowa?"

"Alwala shikai, Baba," na ce. Allah ya yafe mini.

"To, shimhiɗa mishi tabarma."

Na shimfiɗa kusa da shi. Kafin azahar Labbo ya cika, fuskarsa na wajen ƙofa.

Bayan an kai shi makwanci, na shiga ɗaukar ƙwaryata. Tabarmar tana nan inda na shimfiɗa ta, wata kaza ta hau ta kwanta a tsakiya.