Tafi Biyu a Waƙa ta Huɗu

Tun farko ni na san ko mene ne, shi ya sa har yau nake jin kunya idan na tuna ƙaryar da na shimfiɗa wata bakwai cur.

A shekarar 1967 ne Awwalu direban tasi ya aro wani faifan garmaho a wurin wani ma'aikacin jirgin ruwa a Jidda. Wasu samarin Turawa ne masu gashi har kafaɗa, an ɗauki kiɗansu a gaban dubban jama'a, jita tana kuka, 'yan mata suna ihu kamar gobara ta tashi. Aron kwana ɗaya ne. Tijjani mai gyaran rediyo a unguwar Hindawiyya yana da rikoda mai zare, irin wadda mutanen nan ke kira musajjal, sai aka ce a kwafe kafin a mayar. Gidana na unguwar Jarwal aka zaɓa, don ɗakin baƙina ba shi da taga ta titi, maƙwabcina kuma kurma ne. Tijjani ya dasa makirfo a gaban garmaho, ya nuna mini maɓalli, ya ce ko tari kada in yi. Daga nan suka tafi ɗauko wata rediyo a Zahir, suka bar ni ni kaɗai.

Matata Hajo ba ta san sun fita ba. A garin nan mace ba ta leƙa ɗakin maza. Idan shayi ya haɗu sai ta tsaya a bayan ƙofa ta yi tafi biyu, maigida ya fito ya karɓi tire. A waƙa ta huɗu akwai inda kiɗan ke lafawa, jama'a su yi tsit, to daidai nan ta tafa. Tafi biyu, sai ƙarar ƙananan kofuna a kan tire, sai ɗan gyaran muryar da take yi idan ta ga na yi nawa.

Ban gaya wa Tijjani ba, don na san bakinsa. Bayan wata biyu zazzaɓi ya ɗauke Hajo cikin kwana uku. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta taɓa tsayawa a gaban mai hoto ba, kabari kuwa a nan ba a rubuta masa suna. Abin da ya rage mini nata shi ne wannan tafin, a kan zaren da ba nawa ba, a cikin na'urar da ban mallaka ba.

Kowace Alhamis bayan la'asar mukan taru a ƙuryar shagon Tijjani, a rufe ƙofa, a rage murya. Idris mai sayar da turare ne ya fara lura da tafin, kuma tun ranar zaman lafiya ya ƙare.

"Ya jama'a, ƙari ne," in ji Tijjani. Turancinsa bai wuce abin da ke rubuce a bayan rediyo ba, amma yakan yi magana kamar da shi aka haɗa faifan. "Suna gama ɗauka a dandali, sai su shiga ɗaki su ɗora sauti a kan sauti. Ku saurara da kyau, tafin nan ba ya amsa kuwwa. Tafin ɗaki ne."

"La, ya shehi," in ji Awwalu. "Wata yarinya ce a layin gaba. Ba ka ji awarwaronta ba? Ga ma shessheƙarta, suma za ta yi don son mai jitar."

Idris kuwa ya kafe a kan aljani ne. Ya ce kowa ya san yadda suke son kiɗa, kuma ba mutumin da zai yi tafi a inda dubban mutane suka yi shiru.

Ku dubi ikon Allah. Magidanta uku, kowannensu yana jin wannan tafin a gidansa safe da yamma, amma da yake an ce daga ƙasar Turawa ya fito, ba wanda ya gane shi. Sun tambaye ni sau ɗaya ko wani abu ya motsa ranar ɗauka, na ce ko ƙuda.

Ni kuma na gano cewa muddin ana gardama, sai an mayar da zaren baya. Saboda haka na zama mai hura wuta. Idan Tijjani ya kusa cin nasara in koma bayan Awwalu, idan Awwalu ya yi ƙarfi in tuna wani labarin aljanu da kakata ta ba ni a garinmu Kabo. Da na ga an fara hamma sai in ce, "A mayar mu ƙara ji." Akwai Alhamis ɗin da na ji Hajo sau goma sha ɗaya. Na koma gida ina murna kamar wanda ya yi baƙo.

Ranar wanka dai ba a ɓoye cibi. Jirgin mutumin nan ya sake tsayawa a Jidda, Awwalu ya sake aro faifan don a raba gardama. Tijjani ya ce dama zaren ya gaji da ja da baya, sauti ya fara disashewa, za a ɗora sabuwar ɗauka a kansa a goge tsohuwar. Ba wanda zai kawo kiɗa gidan da aka yi rashi, maƙwabcin Tijjani mai tsanani kuma ya tafi Ɗa'if shan iska, sai aka ce a yi a gidansa. Wannan ne karon farko da muka saurara a gidan da ke da mace a ciki.

Aka ɗora allura. Waƙa ta huɗu ta zo, kiɗa ya lafa, jama'a suka yi tsit, kiɗa ya sake tashi. Babu komai a wurin.

"Halas, magana ta ƙare," in ji Tijjani, fuskarsa a murtuke. "Zaren ne ya yi datti. Wata bakwai muna faɗa a kan datti." Ya mayar da allura farko, ya kai yatsa kan jan maɓallin ɗauka.

Na buɗe baki. Shekarata arba'in da uku, ban taɓa ambatar sunan matata a gaban abokai ba, balle in ce ina kewarta. Tsoro ya kama ni, kunya ta danne tsoron, na mayar da bakin na rufe.

Sai aka yi tafi biyu a bayan ƙofa. Kofuna suka yi ƙara a kan tire. Ramlatu ce, matar Tijjani, ta kawo shayi.

Ba wanda ya tashi. Awwalu ya dubi ƙofa, ya dubi rikoda. Idris ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Tijjani ya juyo ya zuba mini ido, ni kuma hawaye ya riga ya tona mini asiri, yana bin gemuna. Ramlatu ta gaji da jira, ta yi gyaran murya.

Tijjani ya janye yatsansa. Ya je ya karɓo tire, ya zuba wa kowa, sannan ya zare faifan daga garmaho ya miƙa wa Awwalu.

"Mayar masa da kayansa. Jabu ne. Kamfanin sun yanke wurin, namu ne na asali."

"Ni ma na ga takardarsa ta canza launi," in ji Awwalu. "Amma fa yarinya ce a layin gaba."

"Aljani ne," in ji Idris.

"Ƙari ne na ɗaki, na faɗa muku tun farko." Tijjani ya kama zaren yana juya shi baya a hankali, ya kira sunana ba tare da ya dube ni ba. "Lurwanu, matso kusa, kai ne mai kunne. A mayar mu ƙara ji."