Kaska a Silin ɗin Direba

Direba ya ajiye tuƙi tun da gwiwa ta fara ba shi wahala. Shi da matarsa suna zaune a saman bene, daf da rufi, inda tantabaru suka mai da cikin silin gidansu. Kukansu da kashinsu bai taɓa damunsa kamar Kafintan da ke shago a ƙasa ba. Kafintan nan ya nemi matar tun Direba bai san ƙofar gidansu ba, kuma har yau in suka haɗu a matakala, gaisuwarsu takan yi tsawon da Direba ba ya so.

Da sanyi ya shigo, matar ta hau da labari. Wai Kafinta ya ce akwai kaska a sheƙar tantabarun, ta laɓe cikin tsagar katako, sanyi ne ya kwantar da ita. Wai kada a toshe wa tsuntsayen hanya sai an ɓamɓare silin an yi feshi, in ba haka ba, zafi na zuwa za ta farka da yunwa, ta rasa tantabara, ta sauko kan mutane. Wai shi zai yi aikin, albarkacin maƙwabtaka.

"Silin ɗin ɗakin kwanana zai ɓamɓare?" in ji Direba. "Ki gaya masa ni ma ina da guduma."

Washegari ya lallaɓa da gurguwar gwiwarsa ya hau, ya kori tantabaru, ya buga raga a kowace kafa. Gida ya yi tsit. Sanyin nan kaf, in zai wuce shagon Kafinta har wani gyaran murya yake yi.

Zafi na kankama, matar ta fara wayar gari da kumburi a wuya da damtse. Ya ce sauro ne. Da abin ya ƙaru ya ce ƙurajen zafi ne. Rannan ta tsinto wata aba fele-fele a bangon bayan gado, cike da jini, ta ɗora masa a murfin kofi. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta haɗa kayanta ta tafi gidan ƙanwarta, ta ce in an gyara silin a aika mata.

Ya yi kwanaki yana susa shi kaɗai, sannan ya sauka shago. Kafinta bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Sai ma ya tambayi jikin maiɗakin, har sau biyu.

Haka Direba ya tsaya a tsakiyar ɗakinsa riƙe da tsani, busasshen kashin tantabara na zubo masa a hula, Kafinta ya tura kai cikin silin.

"Riƙe da kyau, maigida," ya ce daga sama. "In na suɓuce, a kan gadonka zan faɗo."

Direba ya damƙe tsanin har yatsunsa suka sage. Tun da yake, bai taɓa roƙa wa wani mutum sauka lafiya kamar ranar ba.